Harbina yana sauka ƙasa ta hagu: laifin saiti ne ko na hannuna?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawararku nake nema kafin in yi aikin da-na-sani. Wata huɗu ke nan da na fara zuwa filin harbi da ƙaramar bindiga mai cin harsashi milimita 9, irin wadda saitinta, wato alamomin gaba da baya da ke samanta da ake jerawa a ido don auna abin da za a harba, ba shi da notin murɗawa, a cikin gurbi aka danna shi. Da hannun dama nake harbi, amma da hannu biyu nake riƙe ta. Daga mita 15 kusan duk harbina ƙasa yake sauka ta hagu. Jiya na auna, tsakiyar ramukan da ke allon harbi ya kauce hagu kamar santimita 12, ya yi ƙasa kamar 10, kuma a warwatse suke, tafin hannu biyu ba zai rufe su ba. Na riga na yanke cewa saitin ne ya zo a karkace. Ina so in bubbuga na baya ya matsa. Ta wane ɓangare zan tura shi, kuma yaya nisansa?

Mai Guduma:
Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi ne ɗan'uwa. Tunda hagu take kai ka, tura saitin baya hagu kaɗan, ka sake gwadawa. Ni haka na yi wa tawa.

Injiniya:
A'a Mai Guduma, ka juya maganar. Saitin baya ana tura shi ne inda kake so harsashi ya koma. Yana sauka hagu, kana so ya dawo dama, to dama za ka tura na baya. Na gaba shi ne ake yi wa akasin haka. In ya tura na baya hagu, kaucewar ƙaruwa za ta yi. Haka ma sama da ƙasa: harbi yana sauka ƙasa, ko dai a ɗaga na baya, ko a sa tsinken gaba mafi gajarta.

Mai Guduma:
Gaskiyarka Injiniya, na tuna yanzu, dama na tura tawa. A gafarce ni.

Tsohon Koci:
Yaro, ajiye gudumar tukuna. Duk abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma ba lokacinsa ya yi ba. Abu biyu a cikin bayaninka suka tsayar da ni. Na farko, ƙasa ta hagu ga mai harbi da dama. Na biyu, ka ce ramukan a warwatse suke. Karkataccen saiti ba ya warwatsa harbi. Abin da yake yi shi ne ya ɗauke dukan ramukan, a dunƙule, ya ajiye su a wani wuri daban. In saitin ne kaɗai matsalarka, da za ka ga ramuka biyar manne da juna a gefe guda. Warwatsewa daga hannu take.

Ka yi tunanin abin da ke faruwa a daƙiƙar ƙarshe. Bindigar da ke hannunka, har da harsasanta, da ƙyar ta kai kilo ɗaya. Kunamarta kuwa sai an danna ta da nauyin da ya kai kilo biyu da rabi ko kusa da haka kafin ta tashi. Wato kana tura abu da ƙarfin da ya ninka nauyinsa fiye da sau biyu, kuma kana so kada ya motsa ko kaɗan. In ka fizgi kunamar, sauran yatsun uku na ƙasa su ma sai su matse tare da manuniya, domin haka hannun ɗan Adam yake aiki. Matsewar nan ga hannun dama tana karkatar da bakin bindiga hagu. Sannan jikinka ya riga ya san ƙara da tokari, wato turowar da bindiga ke yi baya in ta tashi, na zuwa, sai ya tura bindigar ƙasa don ya tare su kafin harsashi ya fita. Haɗa biyun, ga ka a ƙasa ta hagu.

Sabon Shiga:
Na gode Baba Koci. Amma wallahi ni ban ji ina zabura ba. Na lura sosai, hannuna a tsaye yake har ta tashi.

Tsohon Koci:
Ba za ka ji ba. Tokarin bindigar yana zuwa a daidai lokacin, ya rufe motsin. Kusan duk wanda na koyar ya rantse mini irin wannan rantsuwar, kuma da gaske yake yi, bai ji ɗin ba. Akwai gwajin da zai nuna maka da idonka. Ka nemi harsasan atisaye, waɗanda babu albarushi a cikinsu. Ka ba abokin harbinka ya cika maka magazin, ya cusa biyu ko uku a tsakanin na gaske, ba tare da ka san inda suke ba. Ka yi ta harbi yadda ka saba. Lokacin da ka kai kan wanda ba ya tashi, ka ji ƙas kawai, dubi bakin bindigar. In ya duƙa ƙasa, ka samu amsarka.

Bahago:
Ni shaida ne a kan wannan. Da hagu nake harbi, kuma shekarata ta farko duk ƙasa ta dama nake sauka. Bindiga ɗaya muke amfani da ita da wani mai harbi da dama a wancan lokacin, shi tana kai shi ƙasa ta hagu, ni ƙasa ta dama. Saiti ɗaya ba zai karkace ɓangare biyu a rana ɗaya ba. Sabon Shiga, in akwai bahago a filinku, ba shi ya harba biyar ka gani.

Mai Guduma:
Ni fa ina da ja a nan, da girmamawa ga Baba Koci. Kullum aka kawo irin wannan tambaya sai a ce laifin mai harbi ne, kamar masana'anta ba ta taɓa kuskure. Ni tawa da gaske a karkace ta zo. Da ido ma ana gani, saitin baya ya fi kusa da gefe ɗaya. Wata nawa na yi ina zargin yatsana. Sannan ko da hannun nasa ne, in dai kullum wuri ɗaya yake kai shi, me zai hana ya gyara saitin ya dace da hannunsa? Ai bindigar tasa ce, shi zai riƙa harbawa.

Tsohon Koci:
Maganarka ta farko na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Saiti yana zuwa a karkace, yana kuma gocewa daga baya in gurbinsa ya saki. Ban ce ba ya faruwa ba, cewa na yi a tabbatar kafin a taɓa. Ta biyun ce ban yarda ba. Zabura ba ta da ma'auni. Yau da ya huta ta kai shi santimita 5, gobe da ya gaji ta kai shi 15, in ya harba a hankali ta ɓace gaba ɗaya. Da wanne za ka daidaita saitin? Kuma ranar da hannunsa ya gyaru, sai ya tarar duk harbinsa mai kyau yana sauka sama ta dama, ya sake rikicewa, har ya koya wa kansa fizgar da gangan don ya samu tsakiya. Na ga wannan da idona, kuma cire shi daga jikin mutum ya fi koya masa daga farko wuya.

Injiniya:
Bari in sa lissafi a ciki, zai taimaka wa ɓangarorin biyu. Yawan matsar da saiti ana samun sa ne haka: kaucewar da aka gani a allo, a ninka da tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya, a raba da nisan allon, duka a ma'auni ɗaya. A irin waɗannan bindigogi tazarar saiti tana kusa da milimita 150. Ta ƙaramar bindigar Glock 17 misali 165 ce. Mu ɗauki 150. Nisan mita 15 milimita 15,000 ne. Ka ga ke nan kowace milimita ɗaya a saiti tana zama santimita 10 a allo.

To Sabon Shiga ya ce santimita 12 hagu. Wannan yana bukatar a tura saitin milimita 1.2. Wannan ba ƙaramar tafiya ba ce, in saiti ya goce haka daga tsakiya, da ido za ka gani, kamar yadda Mai Guduma ya ga nasa. Don haka ɗan'uwa, cire magazin, ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka duba sau biyu, sannan ka kalli bindigar daga sama. Saitin bayan yana tsakiya ko ya jingina gefe? Ka kuma taɓa duka biyun da yatsa ka ji ko akwai mai girgiza.

Lissafin nan yana da wani darasi kuma. Kuskuren jera saiti a ido ma haka yake ninkuwa. In tsinken gaba ya kauce rabin milimita kawai a cikin giɓin baya, santimita 5 ke nan a mita 15, fiye da 8 a mita 25. Amma in saitin ya jeru daidai, hannunka gaba ɗaya ya yi lilo na santimita ɗaya ba tare da ya karkata ba, santimita ɗayan nan kawai za ka gani a allo. Shi ya sa ake cewa jeruwar saiti ta fi tsayawarsa cak a kan baƙin tsakiyar allo muhimmanci.

Sabon Shiga:
Na duba yanzu. Da ido dai a tsakiya yake, kuma babu mai motsi. Amma maganarka ta ƙarshe ta taɓa ni Injiniya, domin ni allon nake kallo, kuma da na ga tsinken ya zo kan baƙin sai in yi sauri in danna kafin ya wuce.

Tsohon Koci:
To ka faɗi ciwon da bakinka. Wannan saurin shi ne fizgar. Babu ɗan Adam da yake tsayar da bindiga cak, har zakarun duniya lilo take musu, nasu dai ƙarami ne. Ka bar ta ta yi lilonta. Aikinka shi ne saman tsinken gaba ya yi daidai da saman saitin baya, hasken da ke gefensa na dama ya zama daidai da na hagu, sannan ka riƙa ƙara nauyi a kan kunama kai tsaye zuwa baya, ba tsayawa, har ta tashi. Bayan ta tashi kada ka ɗaga kai kana neman rami. Ci gaba da kallon tsinken har ya dawo mazauninsa. Ka kuma saba da faɗa wa kanka inda harbin ya sauka kafin ka duba allo. Ranar da ka fara cewa “wannan ya yi hagu” kuma ka tarar haka ne, ka fara ganin saitinka ke nan. In ba za ka iya faɗa ba, da alama idonka rufewa yake a daidai lokacin.

Anti Likitar Ido:
Bari in shigo ta fannina. Ido ba ya iya kama nisa uku a lokaci guda. Saitin baya, tsinken gaba da allo, dole ɗaya ne kawai zai fito tar, kuma tsinken gaba ake zaɓa. Allon ya ɗan yi hazo, babu laifi. Ƙanena, shekarunka nawa? Daga wajen 40 ido yana fara kasa kama abin da ke kusa, sai mutum ya koma kallon allo ba da saninsa ba, don shi yake gani sosai. Masu irin wannan ana iya yanka musu gilashin da zai kama daidai nisan tsinken, sai a auna daga ido zuwa tsinken a tsayuwar harbi a kai wa mai gwajin ido adadin.

Sai kuma idon da ya fi rinjaye. Miƙe hannuwanka biyu, ka bar ɗan rami tsakaninsu, ka saka wani abu mai nisa a cikin ramin da ido biyu a buɗe. Rufe na hagu, sannan na dama. Idon da abin ya ci gaba da zama a cikin ramin da shi, shi ne jagoranka. Akwai masu harbi da dama amma idonsu na hagu ne jagora. Ga ƙaramar bindiga gyaran ba wuya, ka ɗan matsar da ita gaban wancan idon.

Sabon Shiga:
Shekarata 29 Anti, kuma na gwada, idon dama ne. Na gode ƙwarai.

Mai Bindigar Gasa:
Tunda an zo maganar ido. Ni bindigar iska nake harbawa, ta mita 10, irin ta gasar Olamfik. Da'irar maki 10 a allonmu faɗinta milimita 11.5 ne, da hannu ɗaya ake harbi, da saitin ƙarfe kawai, harbi 60 a zagayen share fage. Bindigarmu kusan ba ta da tokari, kunamar kuma doka ta ce kada ta gaza giram 500, amma duk da haka fizga tana fitar da mu daga cikin baƙi. Don haka ba ƙara ce kaɗai ke kawo ta ba, har da kwaɗayin kama tsakiya. Mutane sun yi ta mamakin Yusuf Dikec na Turkiyya a Paris a 2024, da ya ci azurfa a gasar haɗakar mace da namiji, ido biyu a buɗe, ba tare da na'urorin da sauran ke ɗaurawa a fuska ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun 2008 yake zuwa Olamfik. Yawancin atisayenmu ma babu harsashi muke yi, muna fuskantar farin bango, babu abin da ake nufa, tsinken kawai ake kallo a ga ko ya motsa lokacin da kunama ta faɗi.

Tsohon Koci:
Wannan atisayen bangon shi zan ba ka, yaro. Minti goma kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a mako. Amma da sharaɗi: harsasai suna wani ɗaki daban, ka duba cikin bindigar da ido da yatsa, ka fuskanci inda ko da an yi kuskure babu wanda zai cutu. Da ka ce ka gama, ka gama, kada ka ce bari in ƙara ɗaya bayan ka mayar da harsashi. Za ka iya ɗora kwanson harsashi a tsaye a kan tsinken gaba in samansa shimfiɗaɗɗe ne, ka danna ba tare da ya faɗo ba. A fili kuma ka haɗa abin toshe kunne na ciki da na waje, raguwar ƙara tana rage zabura sosai.

Mai Gyaran Bindiga:
Ƙarin bayani kan atisayen nan: masu bindigar .22, wadda allurarta ke bugun gefen gindin harsashi, su yi hattara, da yawansu in ana danna kunamarsu babu komai a ciki allurar tana dukan bakin ɗakin harsashi ta lalata shi. A sa harsashin atisaye. Tasa mai milimita 9 ba ta cika samun wannan matsalar ba, amma ya duba littafin da ya zo da ita.

Game da gardamar Mai Guduma da Malam Koci, hanyar raba ta ɗaya ce. A zauna, a ɗora hannuwa a kan buhun yashi, a harba biyar ko goma a tsanake da harsashi iri ɗaya, sannan a ba wani gwani shi ma ya yi. A nemi tsakiyar tarin, kada a bi rami ɗaya. In a kan buhu ma ramukan sun warwatse a hannun mutum biyu, ko ka ga wasu ramukan sun yi tsawo kamar harsashin ya shiga a kwance, to a kawo ta a duba bakin bututu ko ya sami rauni, da cikinsa ko dalma ta taru.

Kada kuma a manta da harsashi. Na milimita 9 ana samun mai nauyin giren 115, 124 da 147 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). A ƙaramar bindiga mai nauyin yakan sauka sama kaɗan a nisa na kusa, domin ya fi jinkirin fita, bakin bindigar ya riga ya fara ɗagawa. Sannan ba kowane saiti aka yi shi a riƙe iri ɗaya ba. Wani an yi shi ne a ajiye baƙin a saman tsinke, wani a raba baƙin biyu da saman tsinken, wani kuma sai ka rufe wurin da ɗigon gaba. Wanda aka yi don a rufe da ɗigo, in ka ajiye baƙin a samansa, ƙasa za ka yi ta sauka kana zargin masana'anta.

Sabon Shiga:
Salam. Na dawo bayan mako uku, ga abin da ya faru. Gwajin harsashin da ba ya tashi ya nuna komai. A na farko bakin bindigar ya duƙa ƙasa sosai, har wanda ke tsaye a bayana ya gani. Baba Koci, ka yi gaskiya. Na riƙe atisayen bango kullum. Jiya na zauna a kan buhun yashi da giren 124, harbi goma daga mita 15. Tarin bai wuce faɗin santimita 6 ba, tsayinsa daidai, amma tsakiyarsa yana hagu da kamar santimita 3. Mai kula da filin ya harba biyar, shi ma hagu da kusan hakan. A tsaye kuma yanzu ƙasan ya ragu zuwa kamar santimita 4.

Mai Guduma:
To kun gani, akwai laifin saitin a ciki!

Tsohon Koci:
Akwai, kuma yanzu an tabbatar da shi, mutum biyu a kan buhu. Santimita 3 nasa ne, sauran 9 na hannu ne. Yanzu na yarda a taɓa shi.

Injiniya:
Santimita 3 a mita 15 da tazarar 150, milimita 0.3 ke nan zuwa dama. Kaurin takarda uku kawai. Ka auna tazarar saitinka da kanka don adadin ya zama naka.

Mai Gyaran Bindiga:
Irin wannan ƙaramin motsi da guduma yana da wuya, bugu ɗaya zai wuce da kai. Akwai na'urar tura saiti mai murɗawa, ita ta fi dacewa, ko ka kai wa mai gyara. In dole sai bugu, a cire marfin saman, wato ɓangaren bindigar mai zamewa da saitin ke kai, a kama shi a matsi da abin kariya, a yi amfani da ƙusar tagulla, a ƙasan saitin ake bugawa. Saiti mai haske da dare kada a buge shi ko kaɗan, akwai ƙaramar kwalbar gilashi a ciki. Ka duba ko akwai ɗan sukuru a samansa da sai an sassauta. Kafin komai ka ja layi da fensir daga saitin zuwa jikin marfin, shi zai nuna maka nawa ka matsa.

Sabon Shiga:
Zan kai a tura mini da na'urar. Tambaya ta ƙarshe: bayan an gyara, a mita 15 zan sake gwadawa ko in matsa 25?

Tsohon Koci:
Fara da 15 ɗin, da harsashin nan na 124, a kan buhun, don ka kwatanta da na jiya. In ya zauna, sai ka je 25, can ne ragowar kaucewa za ta fito fili in akwai. Ka sake jan sabon layi bayan gyaran, ka riƙa dubansa duk lokacin da ka wanke ta. Kuma ka ci gaba da cusa harsasan atisaye biyu a kowane magazin, santimita 4 ɗin nan na ƙasa ba su tafi ba tukuna. Turo mana hoton allon mita 25 ɗin in ka harba.